Zinariya ko Azurfa: Darasi a kan Tanadin Tsufa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya hore wa bayinSa dukiya kuma Ya sanya haƙƙin mabuƙata a cikinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, tambaya ta yawaita gare mu a kan wani al'amari da ya shafi dattawa da masu kusantar dattako. Ma'aikaci ya ajiye aiki an ba shi kuɗin sallama, ko manomi ya sayar da albasarsa ko ayarsa wani abu ya saura a hannu, ko ɗan kasuwa ya ji ƙarfi ya fara ja baya, kowanensu yana son ya killace abin da zai ci da shi ranar da ƙafa ba ta iya kai shi kasuwa. Sun ji ana cewa a sayi zinariya, wasu kuma suna cewa azurfa ta fi sauƙi, shi ne suke neman sanin wadda ta fi, da abin da Shari'a ta ɗora wa mai ajiye su.

Tambayar tana da dalili. Waɗanda suka manyanta ba su manta da watan Janairu na 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa a taron Dakar: tamma guda ta Faransa da ake samu a kan sefa 50 ta wayi gari a kan sefa 100. Wanda ya kwana da jika ɗari a cikin akwati ya tashi da takardunsa cif, ba a ɗauke masa ko ɗaya ba, amma rabin ƙarfinsu a kan kayan waje ya tafi. Ƴan kasuwar Maraɗi da Ƙonni da Damagaram masu riƙe naira sun ga irin wannan tsakanin tsakiyar 2023 da farkon 2024, sa'ad da dalar Amurka ta tashi daga wajen naira 460 ta haura naira 1,500. A cikin wannan tsakanin kuma takunkumin da aka ƙaƙaba wa Nijar bayan Yuli 2023 ya sa mutane suna layi a ƙofar banki ana ba su kaɗan daga cikin kuɗinsu, har aka ɗage shi a Fabrairu 2024. Wanda ya ga waɗannan abubuwa da idonsa, ba a zarge shi ba idan ya nemi dukiyar da ba ta rataye ga sa hannun wani.

Da farko, shin tanadin ya halatta? Akwai masu tsoro saboda aya ta 34 da ta 35 na Suratut Tauba, inda aka yi narko mai tsanani ga masu taskace zinariya da azurfa ba su ciyar da su a tafarkin Allah. Tsoron yana kan wurinsa, har sahabi Abu Zarri, Allah Ya yarda da shi, ya tafi a kan cewa duk abin da ya wuce buƙata taskacewa ne. Amma Abdullahi ɗan Umar da mafi yawan malamai sun fassara cewa dukiyar da aka fitar wa zakka ta fita daga wannan narko, ko da an binne ta a ƙasa, wadda kuwa aka hana wa zakka ta shiga cikinsa, ko da tana a fili. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana ware wa iyalinsa abincin shekara, kuma ya hana Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas yin wasiyya da fiye da sulusin dukiyarsa, don kada ya bar magadansa suna roƙon mutane. Saboda haka tanadi bai saɓa wa tawakkali ba, sharaɗinsa dai zakka.

Abin da ake nufi da sulallan ajiya shi ne tsabar zinariya ko azurfa da wata hukuma ta buga da sanannen nauyi da sanannen tsarki, waɗanda ake saye da sayarwa a kan ƙarfen da ke cikinsu. Ma'aunin kasuwar duniya shi ne oza, wato giram 31.1. Afirka ta Kudu ta fara buga Krugerrand a 1967, nauyinsa giram 33.9, a cikinsa akwai oza guda ta zinariya tsantsa, sauran tagulla ce da aka haɗa don ya yi ƙwari. Kanada ta fara buga nata a 1979, Amurka a 1986, kuma dukansu biyu suna buga na azurfa. Akwai tsohon sulen Faransa na tamma 20 da ake kira Napoleyon, mai giram 6.45, wanda zinariyarsa tsantsa giram 5.8 ce, da fam na zinariya na Ingila mai giram kusan 8, tsantsarsa 7.3. A ɓangaren azurfa kakanninmu sun san liyari, sulen Ostiriya mai hoton sarauniya Mariya Tereza da tarihin 1780, mai giram 28, azurfarsa tsantsa wajen giram 23.4. Har dalar da muke ƙirga kuɗi da ita a kasuwa, asalinta sunan sulen azurfa ne, duk da yau ba ta sayen ko ashana.

Wani zai ce waɗannan sulalla suna ɗauke da hotunan mutane da dabbobi. Amsa ita ce sahabbai sun yi ciniki da dinarin Rumawa da dirhamin Farisa masu hotunan sarakunansu, kuma ba a buga dinarin Musulunci mai rubutu zalla ba sai a zamanin Abdulmalik ɗan Marwan, a shekara ta 77 bayan hijira. Haka nan haramcin zinariya ga namiji yana kan sanya ta a jiki, amma mallakarta da ajiye ta halal ne gare shi.

To, yanzu mu auna su biyun. Ana yawan cewa zinariya ba ta faɗuwa. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma dattijo ya fi kowa buƙatar ya san haka. A Janairu 1980 oza ta kai dalar Amurka 850, sannan ta yi ta sauka har ta isa wajen 255 a 1999. Mutumin da ya saya a 1980 yana da shekara 60, sai da ya kai 88 kafin ya sake ganin farashin da ya biya, domin bai dawo ba sai a 2008. A 2011 ta kai wajen 1,900, ta faɗo zuwa wajen 1,050 a ƙarshen 2015, ta haura 2,000 a 2020, ta haura 3,000 a Maris 2025, sannan 4,000 a Oktoban 2025. Wanda ya dubi shekarun ƙarshe kaɗai zai zaci hawa ne ba sauka, alhali tarihin ya nuna duka biyun.

Azurfa kuwa dokin da ba a gama horarwa ba ce. A Janairu 1980 ta kusa dalar Amurka 50, bayan wata biyu ta koma wajen 11, a farkon shekarun 1990 tana ƙasa da 4. Ta sake kusantar 50 a Afrilu 2011, ta faɗo zuwa wajen 12 a Maris 2020, kuma ba ta tsallake 50 ba sai a Oktoba 2025, wato shekara 45 bayan karon farko. Dalilin wannan tsalle-tsalle a bayyane yake. Fiye da rabin azurfar da duniya ke buƙata masana'antu ne ke cinye ta, a faifan wutar hasken rana da kayan lantarki da makamantansu, saboda haka idan masana'antu suka yi sanyi sai ta yi sanyi tare da su. Mafi yawanta ma ana samun ta ne a gefe wajen haƙar darma da tutiya da tagulla, masu haƙar ba su ƙara ko rage aiki saboda farashinta. Kasuwarta kuma ƙarama ce, kuɗi kaɗan na iya girgiza ta. Ita zinariya akasarinta ado ne da ajiya, kuma manyan bankunan ƙasashe suna riƙe da ita, sun sayi fiye da tan 1,000 a kowace shekara daga 2022 zuwa 2024. Wannan ne ya sa ta fi natsuwa, ko da yake ita ma tana motsi.

Akwai abin lura a nan ga ɗalibin fiƙihu. Nisabin zinariya dinari 20 ne, na azurfa dirhami 200, kuma malaman zamani sun ƙiyasta su da giram 85 da giram 595. A zamanin Annabi waɗannan biyu daidai suke a daraja, ke nan giram guda na zinariya yana sayen giram 7 na azurfa. A Afrilu 2011 yana sayen 30 da ɗoriya, a Maris 2020 ya haura 120. Wannan tazarar ita ce ta haifar da saɓanin malamai a kan nisabin kuɗin takarda: masu duba amfanin matalauta suna auna shi da azurfa, wasu kuma, kamar Shehu Yusuful Ƙardawi a littafinsa na fiƙihun zakka, sun rinjayar da zinariya saboda ta fi tsayawa a kan darajarta.

Sai batun nauyi da sayarwa, wanda a ganinmu ya fi batun farashi muhimmanci ga mutumin ƙasarmu. Dukiyar da za ta shige cikin tafin hannu idan zinariya ce, in aka mayar da ita azurfa sai ta zama kilo-kilo, mai wuyar ɓoyo da wuyar ɗauka in tafiya ta kama. Azurfa tana yin baƙi idan ta daɗe, zinariya ba ta tsatsa ba ta dusashewa. Kuma abin da mai sayarwa ke ɗorawa a kan farashin ƙarfe, na bugu da dako da riba, ya fi yawa a kan azurfa idan aka kwatanta da darajarta, ga shi ba ya dawowa ranar da ka zo sayarwa. Mu tambayi kanmu kuma: wa zai saya? Zinariya tana da masu saye a Yamai da Agadas da sauran manyan garuruwa, musamman tun da aka buɗe haƙa a Jado da Cibarkatan a 2014, kuma fatake suna kai ta Dubai. Azurfa masu sayenta a wurinmu galibi maƙeran farfaru ne, su kuwa narkar da ita za su yi, ba ruwansu da tambarin Kanada ko na Amurka. Tsohon da rashin lafiya ta tasar wa da dare yana buƙatar abin da zai zama kuɗi kafin azahar.

Azurfa tana da nata alheri. Mai ƙaramin ƙarfi yana iya sayen oza guda yau, wata bayan wata biyu, abin da ba zai iya da zinariya ba. Idan buƙata ƙarama ce, kamar buhun hatsi ko kuɗin magani, sai ya fitar da sule ɗaya ko biyu, ba sai ya karya babbar ajiya ba. Zinariya ma ana buga ta a rabin oza da rubu'i da ushuri, sai dai gwargwadon ƙanƙantar sule gwargwadon tsadar giram ɗinsa.

Abin da muka fi karkata gare shi shi ne, wanda ke tanadin shekaru masu yawa kuma abin hannunsa ya kai, ya sanya zinariya ta zamo gindin ajiyarsa, a ƙananan sulalla sanannu, azurfa kuwa ta zamo ƙari kaɗan. Wanda ya riga ya tsufa, zai fara ci daga ajiyar nan da shekara biyu ko uku, ba mu ba shi shawarar azurfa ba, domin ba shi da lokacin jiran ta farfaɗo idan ta faɗi. Kuma ko wanne ne, kada ya zuba dukan abin da ya mallaka a ƙarfe. Tunkiya tana haihuwa, gona tana ba da hatsi, ɗakin haya yana kawo kuɗi kowane wata, amma oza guda da aka rufe shekara 20 oza guda za a tarar.

A gaskiya ma ba za a tarar da ita cikakka ba idan ajiyar ta kai nisabi, kuma nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Zakkar zinariya da azurfa ɗaya ce cikin 40, kowace shekarar Musulunci, muddin nisabi yana nan. Wanda ya ajiye giram 200 na zinariya tsantsa yana fitar da zakka daga jikinta, shekarar farko zai ba da giram 5, bayan shekara 10 saura wajen giram 155, bayan shekara 20 wajen 120. Wannan ba asara ba ce a wurin Allah, amma lissafi ne da ya kamata mai tanadi ya yi tun farko. Saboda irin wannan ne aka ruwaito a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya yi umarni a juya dukiyar marayu da kasuwanci don kada zakka ta cinye ta. Wanda ke da wata hanyar samu yana iya biyan zakkar da kuɗi a kan farashin ranar da shekara ta cika, ya bar ƙarfen yadda yake.

Ga yadda ake gane nisabi a sulalla. Krugerrand 3 sun haura shi, Napoleyon sai 15, ozar azurfa 20, liyari 26. Idan zinariyar gauraye ce a duba tsantsarta: mai karat 21 tana kai nisabi a wajen giram 97, mai karat 18 a wajen giram 113. A mazhabar Imamu Malik ana haɗa zinariya da azurfa don cika nisabi, kuma Ibnu Abi Zaidin ya kawo misalin haka a Risala da mai rabin nisabin wannan da rabin na waccan. Ke nan mai giram 43 na zinariya da giram 300 na azurfa zakka ta hau kansa, duk da babu ɗayansu da ya kai shi kaɗai. Ana haɗa su kuma da kuɗin da ke hannu ko a banki, bayan an cire bashin da ake bin mutum idan ba shi da wata kadara da za ta tsaya a madadinsa. Tun da nisabin azurfa ya fi na zinariya araha nesa ba kusa ba, mai ajiye azurfa zai riski zakka da wuri. Wannan gaskiya ce da ya halatta a sani, amma muna gargaɗin wanda zai yi ta juya dukiyarsa daf da cikar shekara don gudun zakka, domin a mazhabarmu irin wannan dabara ba ta sauke wajibi.

Akwai wata mas'ala da ta shafi mata da mazajensu. An san cewa a wurin Malikawa babu zakka a kayan adon da mace take sanyawa. Sai wasu suka ɗauka cewa idan suka sayi warwaro da sarƙa suka rufe a akwati don ranar tsufa, sun tsira. Ba haka ba ne. Shehu Halil a Muhtasar ya cire adon da aka tanada don abin da ka iya tasowa nan gaba daga wannan rangwame, saboda haka niyyar ajiya tana mayar da shi cikin dukiyar zakka. Ban da haka, kayan ado suna ɗauke da ladan ƙira, wanda mai saye ba zai biya ka ba idan ka komo da su, shi ya sa sule ya fi sarƙa ga mai tanadi.

Sai hukuncin sayen kansa. Hadisin Ubadatu ɗan Samit da ke cikin Sahihu Muslim ya ambaci abubuwa shida, zinariya da azurfa da alkama da sha'ir da dabino da gishiri, ya shar'anta cewa idan za a musanya jinsi da jinsinsa sai daidai da daidai kuma a karɓa nan take, idan jinsi ya saɓa fifiko ya halatta amma jinkiri bai halatta ba. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta tabbatar da cewa kuɗin takarda suna ɗaukar hukuncin zinariya da azurfa a riba da zakka. Abin da ya biyo baya shi ne, ba a sayen zinariya ko azurfa bashi, ba a biya kaɗan-kaɗan alhali an karɓi kaya, kuma ba a tura kuɗi yau a ce kaya sai mako mai zuwa. Wanda ke son a sayo masa daga Dubai ko Makka, sai ya wakilta amintacce ya ba shi kuɗin a matsayin wakili, shi wakilin ya biya ya karɓa a zama ɗaya. Haka kuma abin da ya yaɗu na kai tsohuwar zinariya a karɓi sabuwa a yi ciko da kuɗi, riba ce. Mafita ita ce wadda Annabi ya nuna wa ma'aikacinsa na Haibara a kan dabino: a sayar da tsohuwar a karɓi kuɗi a hannu, sannan a sayi sabuwar da ciniki na dabam. Masu saye ta wayar salula kuma su tabbatar cewa akwai ƙarfe na haƙiƙa da aka ware da sunansu wanda suke da ikon karɓa, domin lamba a fuskar waya ba karɓa ba ce idan babu komai a bayanta.

Game da algus, araha ba ta ado. Duk wanda ya tare ka da zinariya ƙasa da farashin kasuwa yana cewa sauri yake yi, ka bar shi da saurinsa. Garin zinariya da curin da ke fitowa daga mahaƙa sana'ar masu ita ce, wanda bai iya gwaji ba kada ya sa kuɗin tsufansa a ciki. Sule sananne yana da nauyi da faɗi da kauri ƙayyadaddu, kuma zinariya ta kusa ninka azurfa a nauyi idan girmansu ɗaya, saboda haka jabun tagulla ko darma yana tonuwa a sikeli. Maganaɗisu ba ya kama zinariya ko azurfa, amma rashin kamawarsa ba hujja ba ce, domin tagulla ma ba ya kama ta, kuma akwai wani ƙarfe da ake kira tangistan wanda nauyinsa ya yi daidai da na zinariya, ana lulluɓe shi da ita. A saya a wurin mai shago tsayayye wanda aka sani, a gwada a gaban mai saye, a karɓi takardar da ta faɗi nauyi da karat da farashi, kuma a tambaye shi tun ranar nawa zai biya idan aka mayar masa. Bambancin waɗannan farashi biyu shi ne asarar da ka fara da ita tun kafin ka fita daga shagon. A tuna kuma cewa ana yanke farashin duniya da dalar Amurka, ita kuwa sefa a ɗaure take da yuro tun 1999 a kan 655.957, don haka farashin da ke iso mana yana motsi da canjin dala da yuro ko da ƙarfen bai motsa ba.

Saura wurin ajiya. Yawan faɗa yana jawo ɓarawo, yawan ɓoyo kuma yana hana magada haƙƙinsu, kuma mun sha jin gidajen da aka san marigayi yana da abu amma ba a san inda ya sa shi ba. Wanda ya ba wani ajiya ya sani cewa a Shari'a mai riƙon amana ba ya biya idan abu ya salwanta ba da sakacinsa ba, kuma zakkar tana kan mai dukiya kowace shekara duk da ba ta hannunsa. Ya rubuta adadin sulallan da nauyinsu da wurin da suke da watan da shekarar zakkarsu ke cika, ya sa adilai biyu su shaida, ya bar takardar a hannun wanda ba shi ne ke riƙe da ƙarfen ba. Idan a cikin akwatin akwai zinariyar matarsa ko ta ƴarsa, ya bayyana ta dabam a rubuce, don kada ranar rabo a haɗa ta cikin gado.